BABI NA BIYU: TARIHIN HANYOYIN RAGE BAYANAN HORARWA A ƘA'IDAR MAƘWABCI MAFI KUSA

2.0 Gabatarwa

Wannan babi ya ƙunshi tarihin hanyoyin da masana suka bi wajen rage yawan misalan da ake ajiyewa a cikin kwamfuta idan za a yi aiki da ƙa'idar maƙwabci mafi kusa. An bi tarihin ne tun daga shekarar 1951, lokacin da aka fara rubuta ƙa'idar, har zuwa shekarar 2018. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ko da yake ƙarancin ma'adana da jinkirin kwamfutocin farko ne suka haifar da wannan fage, abin da ya raya shi shi ne saɓanin masana a kan tambaya guda: misalan da ke bakin iyaka tsakanin rukuni da rukuni, su ne suka fi cancanta a ajiye, ko kuwa su ya kamata a fara zubarwa? Amsar da aka zaɓa tana shafar ingancin hukuncin da na'ura za ta yanke, ko a karatun rubutu ne ko a binciken cuta.

2.1 Ma'anar Ƙa'idar da Asalinta

Ƙa'idar maƙwabci mafi kusa hanya ce ta rarrabe abubuwa zuwa rukuni-rukuni. Da farko ana tara misalai waɗanda an riga an san rukunin kowanne, ana bayyana kowane misali da wasu alƙaluma. Waɗannan misalai su ake kira bayanan horarwa. Alal misali, idan ana son rarrabe ƙwayar gero da ta dawa, sai a auna tsawo da nauyin ƙwayoyi masu yawa na kowane iri a ajiye. Idan aka kawo sabuwar ƙwaya wadda ba a san irinta ba, sai a lissafa tazarar da ke tsakanin alƙalumanta da na kowace ƙwaya da ke ajiye, a ba ta sunan wadda ta fi kusa da ita. Wani lokaci maimakon maƙwabci ɗaya akan duba uku ko biyar, a bi rinjaye. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙa'idar ma a kan irin wannan zato ta dogara, wato abu yakan ɗauki halin abin da ke kusa da shi.

Pelillo (2014) ya nuna cewa akwai makamancin wannan tunani a littafin Kitabul Manazir na Ibnul Haisam, masanin nan haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajejen shekarar 1040. A bayaninsa, mutum yana gane abin da ya gani ne ta hanyar kwatanta shi da surorin da ke ajiye a zuciyarsa, ya zaɓi wadda ta fi kama da shi. To amma a matsayin hanyar lissafi, an fara samun ƙa'idar ne a wani rahoto da Evelyn Fix da Joseph Hodges, malamai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suka rubuta a 1951 domin makarantar likitancin sufurin sama ta rundunar sojan saman Amurka da ke Randolph Field a jihar Teksas. Rahoton bai fito a wata mujalla ba sai a 1989.

Aikin da ya ɗaukaka ƙa'idar shi ne na Thomas Cover da Peter Hart na 1967. Sun tabbatar ta hanyar lissafi cewa idan misalai suka yi yawan da ba iyaka, kuskuren maƙwabci ɗaya ba zai wuce ninki biyu na kuskuren hanya mafi inganci da za a iya samu ba. Ke nan idan hanya mafi inganci tana kuskure kashi 5 cikin ɗari, wannan ba za ta zarce kashi 10 ba. Wannan sakamako ya jawo hankalin masana, domin kuwa hanyar ba ta buƙatar a san komai game da yanayin bayanan tun farko.

2.2 Matsalar da ta Taso

Tabbacin da Cover da Hart suka bayar ya rataya ne a kan yawan misalai, alhali yawan misalan shi ne babban nauyin ƙa'idar. Sauran hanyoyin koyon na'ura sukan taƙaita bayanan horarwa zuwa wasu 'yan alƙaluma su yi watsi da saura. Ita kuwa wannan dole ta riƙe komai, kuma duk lokacin da aka kawo sabon abu sai ta auna shi da kowane misali. Don a ga girman aikin, ana iya duba tarin hotunan alƙaluman rubutun hannu da ake kira MNIST, wanda ya fito a 1998. Yana da hotunan horarwa 60,000, kowane hoto yana da ɗigo 784. Kafin a gane hoto ɗaya tak sai an yi kwatanci 47,040,000. Kwamfutocin shekarun 1960 kuwa ma'adanarsu ba ta kai ko kusa da ɗaukar irin wannan ba.

Bayan nauyin ajiya da na lokaci akwai matsala ta uku, wadda ba a fara kula da ita sosai ba sai daga baya. A kowane tarin bayanai akan sami gurɓatattun misalai, wato waɗanda aka yi kuskure wajen aunawa ko wajen sa musu sunan rukuni. Irin wannan misali yakan ɓatar da duk wani sabon abu da ya faɗo kusa da shi. Waɗannan matsaloli uku su ne tushen duk hanyoyin da za a yi bayani a ƙasa.

2.3 Hanyar Taƙaitawa

Hart ne da kansa ya fara kawo mafita a 1968, a wata gajeriyar maƙala mai shafi biyu. Ya tanadi wuraren ajiya biyu, waɗanda a wannan nazari za a kira rumbu da buhu. Ana sa misali na farko a rumbu. Daga nan sai a ɗauki sauran ɗaya bayan ɗaya a rarrabe su da abin da ke cikin rumbun kawai. Wanda aka gane daidai a jefa shi buhu, wanda aka kuskure a ƙara shi a rumbu. Idan an gama sai a sake bin abin da ke buhu, a yi ta maimaitawa har sai an yi zagaye guda ba tare da an ƙara komai a rumbu ba. A ƙarshe a zubar da buhun. Abin da ya rage a rumbu yana iya rarrabe dukkan misalan asali ba kuskure, shi ya sa ake kiransa daidaitaccen ɓangare.

Hikimar wannan tsari ita ce, misalin da ke tsakiyar 'yan rukuninsa ba ya ƙara komai, tunda maƙwabtansa za su wakilce shi. Wanda ke bakin iyaka shi ne ke nuna inda rukuni ya ƙare. Hart ya gwada tsarin a kan manyan baƙaƙen keken rubutu da aka samo daga kamfanin IBM. Daga misalai 6,295 rumbun ya ƙare da 197, wato kimanin kashi 3 cikin ɗari. Sai dai kuskuren da aka samu a kan sababbin misalai ya kai kashi 1.28 cikin ɗari, kuma shi kansa Hart ya nuna rashin gamsuwa, domin wasu hanyoyi da suka fi sauƙi sun fi wannan ƙarancin kuskure.

Masana sun gano naƙasu biyu a wannan hanya. Na farko, abin da zai shiga rumbu ya danganta da jerin da aka bi wajen gabatar da misalan. Na biyu, wanda ya fi muni, gurɓataccen misali kusan kullum maƙwabtansa sukan kuskure shi, saboda haka kai-tsaye yake samun shiga rumbu. Ke nan tsarin yana zubar da lafiyayyun misalai ya tattara gurɓatattu.

Gates (1972) ya yi ƙoƙarin ƙara matse rumbun. Bayan an gama aikin Hart, sai a riƙa cire misalan rumbu ɗaya-ɗaya. Idan cirewar ba ta jawo kuskure a kan misalan asali ba, to an cire ke nan, idan ta jawo a mayar. Ritter da abokan aikinsa (1975) sun tsaurara sharaɗin, inda suka ce dole kowane misali ya fi kusa da wani ɗan rukuninsa da ke rumbu fiye da kowane misali na wani rukuni a cikin tarin asali gaba ɗaya. Duk waɗannan sun yi tarayya a kan aƙida ɗaya, wato a riƙe bakin iyaka a zubar da tsakiya.

2.4 Hanyar Tacewa

A shekarar da Gates ya fitar da aikinsa, Dennis Wilson (1972) ya zo da akasin wannan aƙida. A tsarinsa ana duba kowane misali tare da maƙwabtansa mafiya kusa, galibi uku. Idan rinjayensu ya saɓa wa rukuninsa, sai a cire shi. Misalan da wannan hukunci ke hawa kansu su ne gurɓatattu da kuma waɗanda ke wurin da rukunoni biyu suka cakuɗa, wato dai bakin iyaka. Burin Wilson shi ne inganta hukunci, kuma ya kawo hujjojin lissafi cewa bayan tacewa, maƙwabci ɗaya yana matsowa kusa da ingancin hanya mafi inganci. Ta fuskar ajiya kuwa ragin kaɗan ne, domin dukkan misalan tsakiya suna nan.

Ivan Tomek ya fitar da maƙaloli biyu a 1976, ɗaya a kan tacewa, ɗaya a kan taƙaitawa. A ta farko ya gwada maimaita tacewar Wilson har sai babu abin cirewa. A ta biyu ya fito da abin da daga baya aka sa wa suna mahaɗin Tomek: misalai biyu na rukunoni daban-daban waɗanda kowannensu shi ne maƙwabci mafi kusa ga ɗayan. Tomek ya nemo irin waɗannan tagwaye ne don a tabbata an ajiye su, tunda su ke nuna iyaka. Abin lura shi ne, bayan shekara 21, Kubat da Matwin (1997) sun yi amfani da wannan mahaɗi don gano misalan da za a zubar daga rukuni mai rinjaye. Wannan ya isa shaida cewa saɓanin da aka ambata a gabatarwa yana cikin yanayin misalan ne kansu: misalin bakin iyaka yana iya zama mafi amfani, yana kuma iya zama mafi cutarwa, kuma wurin zamansa kaɗai ba ya nuna wanne ne.

2.5 Hanyar Ƙirƙirar Wakilai

Akwai kashi na uku na masana waɗanda suka ga ba dole ba ne a zaɓi wakilai daga cikin misalan asali. Chang (1974) ya kawo tsarin da ake neman misalai biyu 'yan rukuni ɗaya waɗanda suka fi kusa da juna, a haɗe su a maye gurbinsu da matsakaicinsu, muddin haɗewar ba ta jawo kuskure ba. Ana ci gaba da haka har sai babu sauran abin haɗewa. A shekarun 1980 Teuvo Kohonen na Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan ya fito da tsarin da aka sani da LVQ. A nan ana fara da 'yan wakilai kaɗan, a riƙa gabatar da misalai. Idan wakili mafi kusa ɗan rukunin misalin ne sai a matso da shi kusa, idan ba haka ba a tura shi nesa. Amfanin wannan hanya shi ne ragi mai yawa. Illarta kuwa ita ce wakilin ba wani abu ne na haƙiƙa ba. Likitan da ke son ya ga bayanan majinyacin da aka kwatanta nasa da shi ba zai sami komai ba sai matsakaicin alƙaluma.

2.6 Haɗa Hanyoyin Biyu

Daga shekarar 1980 aka fara fahimtar cewa taƙaitawa da tacewa suna iya tafiya tare idan aka kiyaye wadda za ta riga. Devijver da Kittler (1980) sun kawo tacewa mai zagaye da yawa, inda ake rarraba misalai kashi-kashi, kowane kashi ya tace wani, sannan suka ba da shawarar a bi ta da taƙaitawar Hart. Dalili a fili yake: idan an riga an kawar da gurɓatattun misalai, abin da Hart zai tara a rumbu sahihiyar iyaka ce.

Aha da Kibler da Albert (1991), daga Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, sun shigo da batun cikin fagen koyon na'ura da jerin tsare-tsare uku. IB1 yana ajiye komai. IB2 yana ajiye abin da aka kuskure kawai, kamar na Hart, amma a zagaye guda. IB3 kuwa yana riƙe da tarihin kowane misali da ke ajiye, wato sau nawa ya taimaka aka yi daidai, sau nawa ya jawo kuskure. Wanda tarihinsa ya yi muni ƙwarai sai a kore shi. A ra'ayin wannan nazari, nan ne aka sami babban sauyi, domin an koma auna misali da aikinsa maimakon wurin zamansa. Haka kuma David Aha ne ya fara tara taskar bayanai ta Irvine a 1987, wadda ta ba masana damar gwada hanyoyinsu a kan bayanai iri ɗaya.

Randall Wilson da Tony Martinez na Jami'ar Brigham Young sun ci gaba da wannan tunani a maƙalarsu ta 2000. Ya kamata a lura cewa wannan Wilson daban ne da na 1972. Sun kawo tsare-tsare da suka kira DROP1 zuwa DROP5, suka gwada su tare da hanyoyin da suka gabata a kan tarin bayanai 31. Ma'auninsu shi ne, a dubi misalan da suka dogara da wani misali a matsayin maƙwabcinsu. Idan za a gane su daidai ko da babu shi, sai a cire shi. A DROP3, wanda ya fi shahara, ana fara tacewa irin ta Dennis Wilson, sannan a jera misalai bisa nisansu daga maƙwabci mafi kusa na wani rukuni, a fara cirewa daga mafiya nisa. Ta haka ana share gurɓataccen ɓangaren iyaka tukuna, sannan a kwashe tsakiya. Brighton da Mellish (2002) sun bi makamancin wannan tsari na mataki biyu.

2.7 Iyakar Lissafi da Wasu Hanyoyi

Tun 1968 Hart ya san cewa rumbunsa ba lallai ne ya zama mafi ƙanƙanta ba. Wilfong (1991) ya tabbatar da cewa idan rukunoni sun kai uku, neman daidaitaccen ɓangare mafi ƙanƙanta yana cikin jerin matsalolin da ba a san wata hanya mai sauri ta warware su ba, ko da alƙaluma biyu ne kawai ke bayyana kowane misali. Saboda haka masana suka karkata ga neman amsa mai gamsarwa maimakon cikakkiya. Skalak (1994), alal misali, ya yi amfani da zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi wanda ake gyarawa sannu a hankali.

A ɗaya ɓangaren, wasu masana sun tunkari matsalar lokaci ba tare da zubar da misali ko ɗaya ba. Bentley (1975) ya kawo tsarin jera misalai kamar rassan bishiya don a gaggauta neman maƙwabci. Indyk da Motwani (1998) sun kawo hanyar neman maƙwabcin da ya yi kusa ƙwarai ko da ba shi ne mafi kusa ba. A 2017 kamfanin Facebook ya fitar da manhajar Faiss domin irin wannan nema a cikin miliyoyin misalai. Waɗannan sun rage buƙatar taƙaitawa don sauri, amma ba su taɓa matsalar gurɓatattun misalai ba.

2.8 Halin da Fagen ya Shiga Bayan 2000

Angiulli (2005) ya magance naƙasun farko na hanyar Hart da wani tsari mai sauri wanda sakamakonsa bai danganta da jerin misalai ba. A 2012 García da Derrac da Cano da Herrera, masana a ƙasar Sifen, sun tattara hanyoyi fiye da 50 suka karkasa su zuwa taƙaitawa da tacewa da haɗaka. Gwajinsu ya nuna cewa babu hanya ɗaya da ta fi saura a kowane hali. Wadda ta fi ragi takan fi cin lokaci ko ta rage inganci.

Tunanin ya kuma ƙetara zuwa wasu fagage. Hanyar rarrabewa da Boser da Guyon da Vapnik suka kawo a 1992 tana dogara ne a ƙarshe a kan misalan da ke kusa da iyaka kaɗai, wanda ya yi daidai da aƙidar Hart. A 2018 Wang da abokan aikinsa sun nuna cewa ana iya dunƙule hotunan MNIST 60,000 zuwa ƙirƙirarrun hotuna 10, ɗaya ga kowane alƙalami, a horar da na'ura da su a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa. Wannan kuma jikan tunanin Chang ne na ƙirƙirar wakilai.

Akwai haɗari guda da ya kamata a jaddada. Idan wani rukuni yana da ƙarancin misalai, kamar masu ɗauke da cutar da ba a cika samu ba, to yawancin maƙwabtan 'yan rukunin za su kasance daga rukuni mai rinjaye. Tacewar Wilson za ta ɗauke su a matsayin gurɓatattu ta share su, jimillar inganci ta yi kyau a takarda, alhali na'urar ta daina gane masu cutar. Wannan ne ya sa Kubat da Matwin suka taƙaita cirewa ga rukuni mai rinjaye kawai.

2.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda ƙa'idar maƙwabci mafi kusa ta faro daga rahoton 1951, da yadda sakamakon 1967 ya ɗaukaka ta ya kuma fito da nauyinta. An ga cewa Hart da mabiyansa sun riƙe iyaka, Dennis Wilson ya share ta, Chang da Kohonen kuma sun ƙirƙiro wakilai. Sulhun da aka samu tsakanin 1980 da 2002 shi ne a fara tacewa kafin taƙaitawa, kuma a auna misali da tasirinsa a kan maƙwabtansa. Ma'adanar kwamfuta ta yi arha, neman maƙwabci ya yi sauri, amma rarrabe sahihin misalin iyaka da gurɓatacce har yanzu ya dogara da yanayin bayanan da ake aiki da su. Bisa wannan dalili, babi na gaba zai auna hanyoyin Hart da Dennis Wilson da DROP3 da ma'auni uku: yawan ragi, da jimillar inganci, da kuma ingancin gane rukuni marar rinjaye.